Ƙusa a Kafaɗar Yaya

Litinin, da hantsi

Zaren ya raba jijiyar ragon gida biyu.

Bari in rubuta shi a tsanake, don in na faɗa da baki za a ce na cika ɗaga murya. Aikina ƙera ƙusar da likitoci ke dasawa a ƙashi in jijiyar kafaɗa ta ɓalle. Mu dai ƙusa muke ce mata, amma ta roba ce mai tauri, ba ta kai ƙwayar wake ba. Likita zai huda ƙashi ya cusa ta, ya zura zare ta cikin jijiyar, ya mai da bakin zaren cikin ƙusar, ya ja. A cikinta akwai 'yan haƙoran da ni na zana su. Zare yana wucewa gaba, ba ya komawa baya. Ba sai an ƙulla ba, ga shi kuwa ƙulli a cikin kafaɗa yana gurzar nama, wani lokaci ma ya warware. Shekarun da na kashe a kan haƙoran nan sun isa a haifi yaro har ya shiga makaranta.

A ɗakin gwaji kafaɗar rago muke saya wajen mahauci. Mu dasa ƙusar, mu ɗinke jijiyar, mu tsoma a tankin ruwan gishiri mai ɗumin jikin mutum, inji yana ɗaga ta yana saukewa. In ta kwana biyu a ciro a zubar. Wannan mantawa aka yi da ita a tankin da ke bayan firji, tun kafin hutu. Gashin-baki, mai kula da injinan, shi ya ji wari ya leƙa. Cewa ya yi in zo in ga abin dariya.

Zaren ya matse ya nutsa cikin jijiyar, irin yadda ake yanka sabulu da zare, ya fita ta ɗaya gefen. Wutsiyar zaren da muka datse daidai bakin ƙusa ta fito waje tsawon gaɓar yatsa, tana lilo a cikin ruwa. Ba wanda ya ja ta.

Irin wannan ƙusar ce a kafaɗar Yaya ta dama.

Litinin, da la'asar

Na kai wa Oga kafaɗar a kwano. A bayan idonsa Ba-Matsala muke ce masa, bai kuwa ba ni kunya ba. Ya toshe hanci da hankici, ya leƙa daga nesa, ya ce naman da ya yi makonni a ruwa ko zaren gizo-gizo ma zai yanka shi. Na ce akwai maganin hana ruɓewa a ruwan, kuma ruɓaɓɓen nama ba ya jan wutsiyar zare waje. Ya ce wataƙila Gashin-baki bai datse ta da kyau ba tun farko. Gashin-baki yana tsaye a bakin ƙofa yana nazarin takalminsa.

Sai Oga ya tambaye ni lafiyar Yaya, da fara'arsa, wai ya ji ta koma aiki. Ya ce ita ce tallarmu da ta fi kowace, shugabar makaranta guda, kuma yayar wadda ta ƙera abin.

Na fito ban rufe masa ƙofa ba. Iyakar rashin kunyar da na iya ke nan, da girmana.

Talata, da safe

Mun gwada ƙusar nan sau ba adadi. Me ya sa ba mu taɓa gani ba?

Amsar tana rataye a bangon ɗakin taro, cikin firam. Duk masu sana'armu abu ɗaya suke tsoro, kada ɗinki ya saki. Saboda haka ratar da ke buɗewa tsakanin jijiya da ƙashi injin yake aunawa. In ta buɗe, layi ya hau sama a kwamfuta, mu yi jugum. In ba ta buɗe ba, layi ya kwanta a kan sifili. To a farkon gwaji lambobin sukan sauka ƙasa da sifili. Aka ce ai rata ba ta gaza babu, wannan shirmen inji ne, aka saita shi duk abin da ya yi ƙasa ya rubuta sifili. Miƙaƙƙen layin nan da muka sa a firam, muka sha lemo a ƙarƙashinsa, ashe zaren ne ke nutsewa cikin nama muna yi masa tafi.

Gashin-baki ya tambaye ni ko na tuna wa ya kawo shawarar saitin. Na ce ya je ya wanke tankuna, zan dasa sababbi.

Laraba, da yamma

Na je gidan Yaya hannu rabbana, abin da ban taɓa yi ba, ita kuma ba ta bari ya wuce ba. Wai ko kasuwar ce ta ƙone.

Ita ta raine ni bayan rasuwar Inna. Ita ta koya min karatu, littafi a hannu ɗaya, tsumagiya a ɗayan. Har gobe in ta ce "Auta" sai na gyara zama, ni da furfura ta fara yi min sallama. Watannin baya ta hau kujera za ta rataya labule, kujerar ta goce, jijiyar ta ɓalle. Lokacin an fara gwada ƙusarmu a jikin mutane. Na ce ta bari a yi mata irin na da, mai ƙulli. Ta ce in ƙanwarta ta ƙera ƙusa ba za a sa mata ta baƙi ba, kuma ba shawara ta zo nema ba.

Yau da hagu ta zuba min shayi. Da ta miƙe za ta ɗauko sukari na gani. Gwiwar hannun daman ba ta taɓa haƙarƙarinta. Ta ɗan buɗe daga jiki, kamar fiffiken kaza in zafi ya ishe ta. Kafaɗar ma ta ɗara 'yar'uwarta tsawo.

Na tambaya ko tana ciwo. Ta ce garau take, in daina kallonta kamar kayan gwaji. Mijinta, Baban 'yan biyu, ya ce ai tun da aka sa mata ƙusata mulkinta ya ƙaru, yanzu ko tsayuwa take yi kamar mai shirin dambe. Ni da ita muka yi dariya. Shi da ya yi barkwancin bai yi ba.

Alhamis, da azahar

Na dasa sababbi a duk tankunan. Na goge saitin sifili. Na ɗiga jan fenti a kan kowace wutsiya, daidai bakin ƙusa.

Jumma'a, bayan an tashi aiki

An kashe injinan, na tsaya rufe tagogi. Ban taɓa zama a ɗakin nan yana shiru ba, kullum cikin ƙugin inji nake shiga, cikinsa nake fita. Rana ta faɗo ta tagar yamma a kan tankunan, kafaɗun suna rataye a ciki, fari fat, ruwan ko motsi ba ya yi.

Sai na ji ƙis. Ƙarami, kamar an karya farce.

Gashin-baki ya ce firji ne. Na je na zare filogin firjin. Muka tsaya, shi da jaka a kafaɗa, ni da filogi a hannu, kamar waɗanda aka ce za a ɗauka hoto. Can daga tankin tsakiya, ƙis.

Ya ce matarsa na jiransa.

Asabar, da hantsi

Na karanta shafi ɗaya sau uku ban san abin da ke ciki ba. Na koma gugar kayan da na riga na goge.

Litinin, da safe

Layukan duk sun gangara ƙasa da sifili, a hankali, matakala-matakala. Jan fentin ya bar bakin ƙusa a kowane tanki. Kaɗan ne, faɗin gashi biyu ko uku, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Na kwana biyu cikin tsofaffin mujallun likitoci, har waɗanda aka buga kafin a haife ni. Mutane sun cika shafuka a kan ƙullin da ya warware, da zaren da ya tsinke, da ƙusar da ta fita daga ƙashi. Ban ga wanda ya tsaya tambayar abin da zai faru in ɗinki ya ci gaba da kamawa ba. Ƙulli inda aka bar shi nan yake zama. Haƙorana kuwa duk sassaucin da aka ba su karɓa suke yi, ba sa mayarwa. Wannan na gane. Abin da ban gane ba, me ke tura zaren gaba tun da wutsiyar a datse take? Wataƙila yana kumbura da ɗumin ruwa ya sake motsewa, yana rarrafe cikin haƙoran kamar tsutsa. Wataƙila robar ce ke numfashi da zafi da sanyi. Na lissafa duka biyun, ba wanda ya kai ko rabin abin da nake gani.

Na aika wa Oga layukan. Ya amsa da cewa ya gode da ƙwazona.

Talata, da hantsi

Likitan da ya yi wa Yaya aiki Hannun Zinare ake ce masa a asibiti, shi ma ya yarda da hakan. Ya bar ni zaune a waje har na haddace ƙwarangwal ɗin da ke manne a bango. Da na shiga na shimfiɗa masa komai, in ba shi haƙƙinsa ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juyo min da kwamfutarsa ya nuna min hoton kafaɗar Yaya na watan jiya. Jijiya ta kwanta a kan ƙashi luf, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Ya ce tun da ya fara yanka mutane bai ga ɗinkin da ya manne haka ba.

Na ce ya dubi kaurin jijiyar a inda zaren ya ratsa. Ta tsuke kamar ƙugun zanzaro. Ya ce kumburi ne ya sauka.

"Injiniya, ke kin san roba, ni na san nama," in ji shi. "Ba zan sake buɗe kafaɗar da ta warke saboda ragon da ya ruɓe ba. In majinyaciya ta ce tana ciwo, wannan wani zance ne. Ta ce?"

Ba ta ce ba.

Ya rako ni har ƙofa, ya ce in gai da Yaya, in kuma riƙa samun barci. Mace in ta kawo wa namiji hujja, barci yake rubuta mata.

Laraba, da azahar

Fentin ya ƙara gaba. Na kira Yaya, ta ce tana taron malamai.

Alhamis, da la'asar

Mai gadi ya ce ina da baƙo a ƙofa, ya ƙi shigowa. Baban 'yan biyu ne, a inuwar katanga, yana juya makullin mota a yatsa. Mutumin da tun ina budurwa bai taɓa ganina bai tsokane ni ba, yau ko "ƙanwata ta kaina" bai ce ba.

Ya ce tun watan jiya a zaune take barci, an tara filo a ƙarƙashin hannun. In ya goce ya sauka, sai ta ciji zanin gado. Shi ke zuge mata zif, shi ke ɗaura mata ɗankwali, ko ban lura ɗaurin ya karkace ba? Yatsun sun fara yi mata sanyi. Ta sa shi ya rantse ba zai faɗa min ba, ya rantse, ga shi ya zo, Allah Ya yafe masa.

"Cewa ta yi in aka ciro ƙusar nan, da sunanki za a ciro ta," in ji shi. "Wai ba ta raine ki don ta zama hujjar da za a kore ki da ita ba."

Na tambaye shi ko ya ci abinci kuwa.

Ya buɗe mota, ya sa ƙafa ɗaya a ciki. Sannan ya tambaye ni, yana kallon sitiyari, ko ƙusar nan tana ƙara. Wai in ta yi barcin rana gidan ya yi tsit, yakan ji wani abu.

Na ce roba ce, roba ba ta ƙara.

Jumma'a, da hantsi

Na iso na tarar an kwashe tankunan, an wanke su, an kife. Ɗakin sai ƙamshin sabulu. Gashin-baki ya ce umarni ne daga sama, yana magana yana goge teburin da ba datti a kansa.

Oga ya kira ni. Ya ce ba matsala, za a kafa kwamiti ya duba abin da idon basira, amma gwajin da ba a amince da tsarinsa ba ba gwaji ba ne. Ya ce na gaji, kowa ya ga na gaji, kamfani ya ba ni hutu har sai na ji sauƙi. Na ce akwai mutane a gari da abin nan a jikinsu. Ya ce ko ɗaya bai kawo ƙara ba, a kwantar da hankali. A duk littattafan da na karanta, in mai mulki ya ce a kwantar da hankali, to wuta ta riga ta ci rabin gari.

Na ba da katin shiga. Kular abincin ranata dai ba su bincika ba. Tun jiya da yamma kafaɗar tankin tsakiya ke ciki, jikina ne ya ba ni.

Asabar, da azahar

Kafaɗar tana banɗakina, cikin kula. Ina sake mata ruwan ɗumi da gishiri kamar mai jego. Ba inji a nan, ba abin da ke ɗaga ta ko sauke ta. Bisa duk lissafina ya kamata ta tsaya cak.

Na sake ɗiga fenti da safe. Yanzu na duba.

Na rufe ƙofar banɗakin, na kunna rediyo.

Lahadi, da la'asar

Na ɗauki kular na kai gidan Yaya, na buɗe ta a teburin falo, a kan farin ƙyallen da take ji da shi.

"Auta, mushe kika kawo min?"

"Kafaɗarki na kawo miki, Yaya. Haka za ta zama nan da wata guda ko biyu."

Ta sa tabarau da hagu, ta sunkuya tana dubawa yadda take duba aikin gida. Ta tambayi wanne ne zaren, wacce ce jijiyar, jan nan na mene ne. Na bayyana. Ta tambayi abin da ke jan wutsiyar. Na ce ban sani ba. Ta maimaita, "Ba ki sani ba," da muryar da take yi min in na kasa lissafi ina 'yar firamare. Ta ce wato na zo in sa a sake yanka ta a kan abin da ban sani ba.

Na ce ta tashi tsaye ta sauke hannun ya taɓa jikinta, in ya taɓa zan ɗauki kulata in tafi. Ta daɗe tana kallona. Ta miƙe. Hannun ya fara sauka, ya sauka, ya tsaya. Tsakaninsa da haƙarƙarinta kyanwa za ta wuce ba ta goga ba. Ya fi na ranar Laraban nan buɗewa. Gumi ya tsattsafo a leɓenta na sama. Ta ce sanyi ne ya kama shi. Fanka ma ba a kunna ba.

Na ɗaga murya, kuma ba na nadama. Na ce sunan da take karewa ya riga ya tafi, sun karɓe katina. Ta ce hutu aka ba ni ba kora ba, in ta yi shiru za su mai da ni. Na ce jijiyar in ta yanke ba mai sake ɗinka ta. Ta ce hannu ɗaya ya ishe ta riƙe makaranta, wasu da biyu ma sun kasa. Baban 'yan biyu yana bakin ƙofar kicin riƙe da tire, ya kasa shigowa ya kasa komawa. Ta dube shi sau ɗaya, ta gane wanda ya kai gulma.

"Ɗauke mushenki," ta ce. "Kin ɓata min ƙyalle."

Litinin, da yamma

Zaren ya raba jijiyar ragon da ke cikin kular. Na binne ta a bayan gida, har da ƙusar, har da kular.

Talata, da hantsi

Yaya ba ta ɗaga wayata. Taurin kai a gidanmu gado ne, ita ta kwashi kason babba.

Laraba, da la'asar

Baban 'yan biyu ya turo saƙo, gobe ranar duba ta ce a asibiti, shi kuma wai motarsa ta lalace. Allah Ya saka wa motar nan da alheri.

Alhamis, da yamma

Yaya ba ta saɓa alkawarin likita ko da tana fushi da duniya. Ta shiga bayan motata ta zauna kamar ta hau tasi.

Ban san cewa duk waɗanda aka sa wa ƙusar rana ɗaya ake kiransu ba. Baranda ce doguwa, benci a jikin bango. Abin da na fara lura da shi tazara ce. Mutane na tsaye sun rasa wurin zama, amma na kan bencin kowa ya bar fili a gefensa, ba kuma wanda ya ce a matsa. Sai na ga dalili. Wani tsoho magini, hannuwansa duk siminti ya farfasa. Wani mai kakin direba. Wata dattijiya da jikarta. Wata yarinya mai jariri. Wani dama, wani hagu, amma kowa gwiwar hannunsa a buɗe, tsayi ɗaya, kamar an bi su da ma'auni. Suna zaune shiru suna kallon bango.

Nas ta bi layi tana tambayar jiki. Da sauƙi. Da sauƙi. Da sauƙi, mun gode. Kowa ya zo ya ga ɗan'uwansa haka, sai ya ɗauka haka warkewa take.

Yaya ta zauna kusa da mai jaririn. Yaron ya fara kuka, uwar tana son ta rungumo shi, hannun ya ƙi zuwa. Ta tallafe shi da ɗayan da cinyarta, kansa yana zamewa, tana turo shi da haɓa. Yaya ta kai hagunta ta tare kan. Ta ce, "'Yata, ba ya miki ciwo?"

Yarinyar ta yi murmushi. Ta ce yana yi, Mama, har ba ta barci, amma da ta so ta faɗa sai nas ta nuna mata Yaya daga nesa, ta ce ga shugabar makaranta can, ƙanwarta ce ta ƙera abin, ita ma haka nata yake kuma ba ta taɓa kuka ba. Shi ne ta ji kunya ta yi shiru.

Ban dubi Yaya ba. Na dubi tayil.

Na ji bencin ya yi ƙara. Ba layinta ba ne, akwai mutane a gabanta, Yaya kuwa ta taɓa korar malami saboda tsallake layi. Ta je ta tura ƙofar likita ba ƙwanƙwasawa, ta ce masa ya fito, da muryar da take tara ɗalibai da safe. Ya fito da biro a hannu, zai yi magana, ta ce ya dubi bencin tukuna. Ya duba daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya sake dubawa.

"Likita, ina ciwo," ta ce. "Na daɗe ina ciwo. Rubuta."

Sannan ta juya ga bencin ta tambayi wa kuma ke ciwo. Tsohon maginin ne ya fara ɗaga hannu. Sauran suka bi, kowa da mai lafiyar.

Hannun Zinare ya sa hannuwansa a aljihu.

A hanyar gida ta zauna a gaba. Abin da kawai ta ce, ina tuƙi kamar mai tallar ƙwai.

Jumma'a, da azahar

Oga ya kira sau da yawa. Na bar wayar tana rawa a kan tebur har ta faɗo.

Talata, da la'asar

Da hantsi suka shiga da Yaya ɗakin tiyata. Ni da Baban 'yan biyu muka zauna a baranda, ya ba ni labarin ranar da ya fara zuwa gidanmu, yadda na sa masa gishiri a shayi. Na ce sharri ne. Ya ce har yau harshensa shaida ne. Daga nan hira ta ƙare.

Likita ya fito da hular aikin a kansa, ya zo ya zauna kusa da ni a benci, abin da ban zaci gwiwoyinsa sun iya ba. Ya ce zaren ya ci fiye da rabin jijiyar. Ya datse shi, ya ɗinke abin da ya rage da ƙulli, da hannu, irin na da. Za ta ci abinci da hannun, za ta yi rubutu a tebur. Ɗaga shi sama da kafaɗa kuwa, kada mu sa rai.

Na tambayi ƙusar. Ya ce tana nan. Ƙashi ya riga ya rufe ta, in ya ce zai haƙo ta sai ya fasa kan ƙashin. Guntun zaren da ke cikin haƙoran ma ya ja ya ja, ya ƙi fitowa, ni na fi kowa sanin dalili. Ya datse shi daidai baki ya bar shi.

"Ba ya riƙe da komai yanzu," in ji shi. Ya sake faɗa, ban tambaye shi ba.

Laraba, da hantsi

Ta farka sosai. Na faɗa mata duka, ban rage komai ba. Ta saurara ido a rufe. Ta ce to in bai sami abin ja ba sai ya haƙura, haka ake yi wa yaro mai rigima. Sannan ta tambayi mai jaririn. Na ce gobe ne nata aikin. Ta ce in je in riƙe mata yaron, in daina tsaya mata a ka kamar mai jiran gado.

Asabar, da la'asar

Nas ta kwance maratayin da aka saƙale hannun Yaya a ciki don ta goge mata jiki. Hannun ya sauka da kansa, a hankali, ya kwanta a jikinta. Gwiwar ta taɓa haƙarƙari. Yaya ta yi ajiyar zuciya, kafin a gama gugar barci ya ɗauke ta, a kwance, baki a buɗe, tana minshari kamar ba shugabar makaranta ba.

Na roƙi nas ta ɗan jinkirta mai da maratayin. Na ja kujera kusa da gadon, ɓangaren dama. Ɗakin shiru. Ina kallon gwiwar hannun, har yanzu tana taɓawa.

Nas ta dawo ta ce lokacin baƙi ya ƙare. Na ce mata ni ba baƙuwa ba ce.